Kuɗin Hayaƙi da Haƙƙin Mai Lalura: Maganar da Ya Kamata a Yi Tun Yanzu

A ƙarshen watan Nuwamban 2022 gwamnatin Kano ta sanar da hana 'yan adaidaita sahu bin wasu manyan tituna biyu, wato wanda ya tashi daga Mundubawa ya nufi Gezawa, da wanda ya tashi daga Tal'udu ya miƙe zuwa Gwarzo. Ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar, domin jama'a sun koka, motocin da aka ce za su maye gurbin kekunan kuma ba su wadatar ba. Titin farkon nan shi ne ƙofar mutanen ƙasar Haɗeja zuwa cikin Kano. Wanda ya taso daga Kaugama ko Malam Madori ko Auyo a motar haya, 'Yankaba ake sauke shi, daga nan kuma sai ya nemi abin da zai kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano. A hayaniyar da ta biyo bayan sanarwar an yi ta maganar cunkoso da abincin matuƙa. Maganar mutumin da ba ya iya taka matakalar bas, wanda sai an tsaya masa a bakin ƙofa an naɗe kekensa an ɗora, ba ta yi ƙarfi ba.

Waccan doka ba don hayaƙi aka yi ta ba, amma danginsu ɗaya da wani tsari da ya bazu a biranen Turai: hukuma ta ja layi a taswirar gari, ta ce abin hawa iri kaza ba zai shiga nan ba, ko kuma in zai shiga sai ya biya. A can, dalilin da ake bayarwa yanzu shi ne gurɓacewar iska. A Arewa babu birnin da ke karɓar kuɗin hayaƙi a yau. Sai dai duk wanda ya san yadda gwamnatocinmu ke neman hanyar kuɗin shiga, ya kuma san yadda maganar muhalli ke buɗe ƙofar tallafi daga waje, ba zai yi mamaki ba in ya wayi gari ya ji an ƙirƙiro takardar gwajin hayaƙi ko an hana tsofaffin injuna shiga tsakiyar birni. Shi ya sa nake ganin gara a yi maganar masu buƙata ta musamman yanzu, tun ran gini tun ran zane.

Landan ce misalin da aka fi sani. A watan Fabrairun 2003 magajin garin na lokacin, Ken Livingstone, ya fara karɓar fam 5 a kullum daga duk motar da ta shiga tsakiyar birni, don rage cunkoso. A ranar 8 ga Afrilun 2019 wani magajin garin, Sadiq Khan, ya ƙaro wani kuɗin daban, wanda ake kira ULEZ, shi kuma na hayaƙi ne zalla. Motar da injinta bai kai wani mataki na tsafta ba za ta biya fam 12.50 duk ranar da ta motsa a cikin yankin. Ga mai shan fetur, matakin shi ne Yuro 4, wanda galibin motocin da aka ƙera daga 2006 suka cika. Ga mai shan gas kuwa sai Yuro 6, wato kusan na ƙarshen 2015 zuwa sama. Babu shinge, babu jami'i a kan titi. Kyamarori ne ke karanta lambar mota, wanda bai biya ba takardar tarar fam 180 ta same shi a gida. An faɗaɗa yankin a Oktoban 2021, sannan a ranar 29 ga Agustan 2023 ya mamaye dukkan unguwannin birnin. An kai ƙara kotu, an lalata kyamarori da yawa, amma tsarin ya tsaya.

Kada mai karatu ya ɗauka kwaɗayin kuɗi ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019. A Landan ɗin kanta, wata yarinya 'yar shekara tara da gidansu ke kusa da wani babban titi ta rasu da ciwon asma a 2013, kuma a Disamban 2020 kotun binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa hayaƙin titi na cikin abin da ya kashe ta. Salansar mota na fitar da iskar da ke ƙona hanyar numfashi, da wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani, wadda ke wucewa cikin huhu har ta shiga jini. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Mata ko Bata a Kano da la'asar a zamanin acaɓa, lokacin da ake gauraya baƙin mai da fetur hayaƙi na tashi shuɗi-shuɗi, ba sai an fassara masa wannan ba. Ni dai ban ga laifin hukumar da ta ce wanda ya ɓata iskar da kowa ke shaƙa ya ɗauki wani abu daga cikin nauyin ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne hikimar da aka gina kuɗin a kanta. Ba a sa shi don a tara dukiya ba, an sa shi ne don ya yi wa mai tsohuwar mota ciwo har ya sake shawara: ya sayi wata, ko ya hau bas ko jirgin ƙasa, ko ya hau keke, ko ya taka da ƙafa. Duk waɗannan ƙofofin a buɗe suke ga mai lafiya. Ga wanda ƙafafunsa ba sa aiki kuwa, kusan duk a rufe suke. Ba zai taka ba. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da yawa har yau matakala ce kawai. Motarsa kuma ba irin ta kowa ba ce, an mayar da birki da totur hannu, ko an sauke bayanta an sa gangara don keke ya shiga, gyaran da sau da yawa ya kai kuɗin motar ko ya fi. In aka ce ya biya kullum, ba halinsa aka gyara ba, domin ba shi da wani halin da zai koma. Lalurarsa aka yi wa haraji.

Hukumomin Landan sun gane haka, amma rabi da rabi suka gane. Akwai wani shuɗin kati da ake ba masu lalurar tafiya a Birtaniya don su ajiye mota kusa da inda za su. Mai wannan kati, in ya yi rajista, ba ya biyan kuɗin cunkoso ko kwabo. Da aka zo kuɗin hayaƙi sai aka ce katin kaɗai bai isa ba. Rangwamen ya tafi ne ga motar da aka yi wa rajistar haraji a ajin masu lalura, daga baya, bayan ƙorafin ƙungiyoyi, aka ƙara da motocin da aka gyara don keke da masu karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati. Kuma ba yafiya ce ta har abada ba, wa'adi ne da zai ƙare a Oktoban 2027. Aka haɗa da kuɗin sauya mota, har fam 2,000 ga mota ta kowa da kowa, har fam 10,000 ga wadda aka gyara don keke. Wani abin da ya sassauta lamarin a can shi ne tsarin Motability, wanda aka kafa a 1977, yake kuma ba masu lalura hayar sabuwar mota daga cikin tallafinsu, saboda haka da yawansu motocinsu sun riga sun cika ƙa'ida. Waɗanda abin ya ci su ne na tsakiya: tsohuwar da 'yarta ke kai ta asibiti a tsohuwar mota, da mai lalurar da takardunsa ba su faɗa cikin ajin da aka lissafa ba.

Sikotilan ta bi wata hanyar. A Gilasgo, daga 1 ga Yunin 2023, ba a ma karɓar kuɗin shiga, motar da ba ta cika ƙa'ida ba haramun ne ta shiga, in ta shiga tarar fam 60 ce, tana ninkawa in an maimaita. Tsarin ya fi na Landan tsauri. Amma mai shuɗin kati an ɗauke masa, kuma yana iya rajistar motar da za ta ɗauke shi ko da ba tasa ba ce, ko da na yini ɗaya ne. Wato a Landan an fi duban mota, a Gilasgo an fi duban mutum. A ganina wannan bambancin shi ne ya fi shafarmu, domin a ƙasarmu mai lalurar da ke da motar kansa ƙalilan ne.

To wane ne direba mai lalura a Kaugama ko Haɗeja ko Kano? Galibi matashi ne ko magidanci da shan inna ta taɓa yana yaro. Kano da Jigawa na cikin wuraren da cutar ta fi daɗewa, musamman bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano a 2003. An tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga Afirka a Agustan 2020, amma waɗanda ta bari suna nan da ransu, suna da mata da 'ya'ya, suna neman na kansu. Wasu na tuƙa keken hannu mai ƙafa uku, irin wanda ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa a Kano, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta shahara da ƙerawa. Wanda ya ɗan samu sarari sai ya sayi tsohon babur ya kai wa mai walda, a ƙara masa taya biyu a baya, a mayar da giya hannu. Da shi yake zuwa kasuwar Gujungu ko ta Malam Madori, da shi yake kai kayan tireda, da shi yake zuwa masallacin Juma'a ba tare da ya ja jiki a ƙasa ba. Wannan babur ba shi da aji a takardar kowace hukuma. Injinsa tsoho ne, domin kuɗin da ya rage bayan walda bai isa sabo ba. Ranar da aka kafa na'urar gwajin hayaƙi, shi ne na farkon faɗuwa.

Bayan shi akwai waɗanda suka fi shi yawa, fasinjoji: makaho da ɗan jagoransa, mai shanyewar ɓarin jiki da ake kaiwa gashi, wanda haɗarin mota ya raba da ƙafa, tsoho mai ciwon ƙugu. Su ba su da lambar mota da za a rubuta a rajista. Duk kuɗin da aka ɗora wa ɗan adaidaita ko direban tasha, a kansu yake sauka, kuma sun fi kowa jin sa, domin sau da yawa sai sun biya kujera biyu ko sun ɗauki shata. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa asibiti daga ƙauyukan fadamar Haɗeja ya zama abin da ake haɗa kuɗinsa a dangi. Da damina kuma, in ruwa ya cinye hanya kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, zagaye ake yi, kuɗin ya ƙaru.

Tarihin dokokin titi a Kano ya nuna yadda irin wannan ke zuwa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo kekunan adaidaita sahu don ɗaukar mata. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, kuma cikin 'yan kwanaki harkar sufurin birnin gaba ɗaya ta sauya. A Fabrairun 2021 'yan adaidaita suka shiga yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ke karɓa, a Janairun 2022 suka sake shiga wani kan kuɗin sabunta takardar izini, mutane suka yi ta tafiyar ƙasa daga unguwa zuwa unguwa. A Yulin shekarar aka hana su aiki daga ƙarfe goma na dare. Kowace daga cikin waɗannan tana da dalilinta, wasu ma dalilai ne na tsaron rai. Abin da ya haɗa su shi ne sauri: sanarwa a rediyo yau, aiki gobe ko jibi. Dokar da aka yi da irin wannan gaggawa ba ta da lokacin tambayar wa za ta fi dannewa. A ranakun yajin aikin nan, mai ƙafa ya sha wahala amma ya isa. Marar ƙafa ya kwana inda yake.

Akwai kuma tambayar adalci tun daga tushe. Hayaƙin titunanmu ba talaka ne ya zaɓe shi ba. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Ke nan motar da aka kora daga titin Burasel saboda hayaƙi, ita ce ke sauka Kwatano ta zama sabuwa a wurinmu. Man da ake zuba mata ma ya daɗe yana ɗauke da sinadarin farar wuta fiye da wanda Turai ta yarda da shi nesa ba kusa ba. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu cewa a rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, a kuma daina shigo da motar da ba ta kai matakin Yuro 4 ba. Najeriya na da hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA tun 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011. Wato wurin da ya kamata a fara tare matsalar shi ne tashar jiragen ruwa da kan iyaka da matatar mai, inda manya suke, ba shataletalen da ɗan adaidaita ke bi ba. Sannan ba mota kaɗai ke ɓata mana iska ba. Akwai janareta, da ƙona shara, da icen girki, da injin ban ruwa a fadama, ga ƙurar hunturu da ke tasowa daga ƙasar Chadi wadda babu mai yi mata haraji. A gari kamar Kaugama, matar da ke girki da ice a rufaffen madafa ta fi shaƙar hayaƙi fiye da mai zama bakin titi. Kuɗin shiga gari maganin manyan birane ne masu cunkoso, kuma ko a can sai an tanadi motocin haya masu kyau kafin ya zama adalci.

Masu adawa da rangwame suna da hujjoji biyu da bai kamata a raina ba. Ta farko, za a yi cuwa-cuwa: kowa zai samo takardar lalura, ɗan adaidaita ya ɗauko gurgu ya zaunar a baya don ya wuce. Wannan zai faru, ko a Birtaniya ana kama masu amfani da katin wani. Amma muna da abin da su ba su da shi. A garuruwan Hausa akwai sarkin guragu da sarkin makafi da sarkin kutare, kuma sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda ya rasu da wanda ya ƙaura. A Jigawa kuma, tun 2007 da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan alawus na naira 7,000 duk wata ga masu lalura, ƙananan hukumomi suka saba da tantance su. In aka haɗa shaidar likita da ta waɗannan shugabanni, aka sa hoton mutum a jikin katin, ɓarnar ba za ta kai yadda ake tsoro ba. Kuma hana dubun masu haƙƙi saboda tsoron 'yan damfara goma zalunci ne ƙarara.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Mai lalura ma yana numfashi, kuma mai keken hannu, da yake zaune ƙasa-ƙasa daidai bakin salansa, ya fi kowa shaƙa. In aka bar tsofaffin injuna har abada da sunan tausayi, shi ma an cuce shi. Na yarda da wannan. Shi ya sa nake ganin ra'ayin wa'adi da Landan ta bi ba laifi ba ne, muddin wa'adin na tafe da taimakon sauyawa. Gwamnatin tarayya na ta maganar mayar da ababen hawa masu amfani da iskar gas ta CNG tun 2023, jihohi na raba kekuna da babura da sunan tallafi. Masu lalura su kasance a sahun gaba na wannan rabo, a kuma horar da masu walda da bakanikai na Haɗeja da Gumel da Dutse yadda za su gyara sabbin injunan su dace da mai tuƙi da hannu. Wa'adin da ba taimako a bayansa jinkirta hukunci ne kawai.

Doka ma tana bayan wannan magana. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta tanadi a keɓe musu wurin ajiye mota, a sauƙaƙa musu shiga motocin haya, a fara sallamarsu a layi, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya da ya nuna wariya. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine da ababen hawa, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jigawa ma tana da tata dokar tun zamanin Gwamna Badaru Abubakar, kafin ta tarayya. Mai karatu ya leƙa tashar motar garinsu ya gani da idonsa ko akwai gangarar keke, ko motar da mai keke zai shiga ba tare da an ɗauke shi cak ba. Gwamnatin da ba ta cika wannan ɓangaren ba, ba ta da bakin cewa mai lalura ya bar babur ɗinsa ya hau motar jama'a.

Saboda haka duk ranar da za a rubuta dokar hayaƙi ko ta hana wani abin hawa shiga gari, a Kano ne ko Dutse, rangwamen ya kasance cikin jikin dokar, ba alfarmar da jami'i zai yi a bakin titi in ya ga dama ba. Ya bi mutum, ya rufe duk abin hawan da ke ɗauke da shi a lokacin, nasa ne ko na haya. A san da babur mai taya uku da aka gyara a gida, a ba shi aji da lamba. Katin kuma a bayar da shi kyauta a sakatariyar ƙaramar hukuma, ba a intanet kaɗai ba, ba kuma sai an je babban birni ba, domin mutumin da ake so a sauƙaƙa wa tafiya bai kamata ya yi tafiyar yini guda neman takardar sauƙaƙawa ba. Katin Jigawa ya yi aiki a Kano, tunda manyan asibitocin da mutanenmu ke zuwa a can suke.

Ina kira ga ɗan majalisar da ke wakiltar Kaugama a Dutse da takwarorinsa na masarautar Haɗeja, da shugabannin ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta JONAPWD na Jigawa da Kano, da sarakunan guragu da makafi na garuruwanmu: ku zauna ku rubuta wannan buƙata, ku kai ta majalisun jihohin biyu tun ba a fara karɓar ko sisi ba.